Kwana Huɗu a Ikko: Yadda Za Ka Ga Legas da Idon Mai Yawon Buɗe Ido

Da wuya ka sami gida a Kano ko Katsina ko Sakkwato da ba shi da wani a Ikko. Wani yana Mile 12 yana sauke tumatir da albasa, wani yana canji, wani direban tirela ne da ya san layin Apapa fiye da layin gidansu. Amma ka tambayi da yawa daga cikinsu ko sun taɓa tsayawa a bakin teku sun ga inda ruwa ya haɗe da sama, sai su ce ina lokaci yake. Ni kaina na je Legas ya fi sau goma a kan aiki, daga filin jirgi sai ofis, daga ofis sai masauki, kafin na ware kwana huɗu ba don komai ba sai kallo. A wannan tafiyar ce na gane cewa garin da nake cewa na sani, cunkosonsa kawai na sani.

Abin da na koya guda ɗaya ne, kuma a kansa na gina duk wannan jagora: a Legas hanya ce take cin kwanakin baƙo. Wuraren kallo suna nan da yawa, amma tsakanin wannan da wancan akwai gada, akwai gosulo. Saboda haka rana ɗaya, ɓangare ɗaya. Wanda ya ce zai yi Lekki da safe, ya yi Agege da rana, ya dawo Marina da yamma, bayan motar da ke gabansa kawai zai kalla har ya koma gida.

Fara da kalanda

Hutun da ya fi tabbas shi ne na Ista, domin kowace shekara Juma'a da Litinin hutu ne, ka ga kwana huɗu a jere ke nan. Hutun Sallah ƙarama da babba, da Maulidi, da 12 ga Yuni, da 1 ga Oktoba, su ma sukan faɗo kusa da ƙarshen mako su ba da kwana uku ko huɗu. Amfanin zuwa a irin wannan lokaci shi ne ma'aikata ba sa fita, wasu ma sun tafi garuruwansu, titi yakan yi sauƙi sosai. Illarsa kuma bakin teku yakan cika maƙil, kuma wasu wuraren gwamnati sukan rufe, don haka ka kira ka ji kafin ka dogara da su.

Ka kula da damina. Ruwan Legas ba irin namu ba ne da zai zuba awa ɗaya gari ya washe. Daga Afrilu yake kankama, ya yi ƙarfi a Yuni da Yuli, ya ɗan tsagaita a Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba. Idan ya sauka da ƙarfi titunan Lekki da Victoria Island sukan koma kogi. Daga Nuwamba zuwa Maris ya fi daɗin yawo. Sai dai rabin ƙarshe na Disamba ban ba ka shawara ba in ba dole, domin 'yan garin da ke zaune a Turai da Amurka sukan dawo biki, kuɗin jirgi da na otal su yi sama, cunkoso ya ninka.

Hanya da kayan da za ka ɗauka

Daga Kano jirgin sama kimanin awa ɗaya da rabi ne, daga Abuja kusan awa ɗaya. A mota kuwa tafiyar ta kai kilomita dubu, kwana da yini, kuma ga wanda kwana huɗu kaɗai yake da su wannan ya cinye rabin hutun. In aljihu ya yarda, ka hau jirgi, ka sayi tikiti makonni kafin lokaci tun bai yi tsada ba. Ka nemi na yammacin Alhamis domin ka wayi gari Juma'a a can. In kuma mota ce ta zama dole, to ka rage buri, ka ɗauki kwana biyu na tsakiya kawai a matsayin na yawo.

Filin jirgin Murtala Muhammed yana Ikeja, kuma jiragen cikin gida tasha biyu gare su, sabuwa da ake kira MMA2 da tsohuwa da ake kira GAT. Ka duba tikitinka ka san wacce ce taka, musamman ranar dawowa, don kada a sauke ka a wata ka fara gudu da jaka.

Zafin Legas na gumi ne, iska tana da laima, jiki yana danƙo ko da rana ba ta fito ba. Babbar riga da shadda mai sitaci ka bar su, ko ka ɗauki guda don Juma'a. Yadi mara nauyi da takalmin da za ka iya doguwar tafiya a ciki sun fi maka amfani. Mata su ɗauki hijabi ko mayafi mai shan iska, da takalmi mara tsini. Ka haɗa da lema, da batirin cajin waya, da gidan sauro ko maganin shafawa, da katin shaida. Kuɗi kuma ka raba: kaɗan a aljihu, ƙananan takardu don mota da ruwa, sauran a asusu. Taransifa da masu POS suna ko'ina, amma ranar da intanet ta ƙi, tsabar kuɗi ce za ta fitar da kai.

Batun salla: Legas tana yamma da mu, don haka lokuta sukan yi jinkiri da kamar minti ashirin ko fiye a kan na Kano, magariba takan kai wajen ƙarfe bakwai. A mazhabar Malikiyya matafiyin da bai yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ba yana yin kasaru, sai ka zauna da malaminka ku lissafa kwanakinka tun kafin ka tashi.

Ka san garin kafin ka kama ɗaki

Wannan matakin shi ne ginshiƙi. Mutanen Legas sun raba garinsu biyu, Mainland da Island. Mainland shi ne ɓangaren da ke haɗe da sauran ƙasa: Ikeja, Agege, Oshodi, Yaba, Surulere, Mile 12, Apapa. Island kuwa, wato ɓangaren tsibiri, ya haɗa tsohon gari da ake kira Lagos Island ko Isale Eko, da Ikoyi, da Victoria Island, sannan a baki har da Lekki da ta miƙe gabas tsakanin tafkin Legas da teku. Gadoji uku ne suka haɗa ɓangarorin biyu: Carter, da Eko, da Third Mainland wadda aka buɗe a 1990 mai tsawon kilomita 11.8. Duk safiyar ranar aiki jama'a suna kwarara daga Mainland zuwa tsibiri, da yamma su juyo. In ka san wannan ka san rabin sirrin garin: ka riƙa tafiya kishiyar inda jama'a suka nufa, ko ka fita kafin su fito.

Yawancin abin da baƙo ke son gani yana ɓangaren tsibiri. Don haka in da hali ka kama masauki a Victoria Island, ko Ikoyi, ko Lekki Phase 1. Suna da tsada, amma abin da ka ƙara a ɗaki za ka rage shi a kuɗin mota da wahala. Matsakaicin zaɓi shi ne Yaba ko Surulere, gada ɗaya ce tsakaninka da tsibiri, kuma farashi ya fi sauƙi. Ikeja tana da otal masu kyau kusa da filin jirgi, sai dai kullum za ka ƙetare doguwar gada. Kada arha ta ja ka zuwa Ajah ko gaba da ita, hanyar shiga da fita ba ta da tausayi.

Na san da yawa za su ce ai ina da ɗan'uwa a Agege ko Idi-Araba, can zan sauka. Zumunci abu ne mai kyau, kuma zan kawo ka can a ranar ƙarshe. Amma ka sani cewa mai masaukinka ba zai bar ka ka fita da sassafe ba tare da karin kumallo da hira da gaishe-gaishe ba, kuma daga Agege zuwa Lekki tafiya ce ta gaske. In can ɗin za ka sauka, ka gaya masa shirinka tun daga waya.

Kafin ka biya kuɗin ɗaki ka tambayi abu uku: wuta awa nawa ake samu kuma janareta yana kwana a kunne, akwai ruwa, sannan akwai wurin shan giya ko kiɗa a harabar, musamman in da iyali za ka je. Ka karanta abin da waɗanda suka kwana a can suka rubuta. Kada ka tura cikakken kuɗi ga wanda a Instagram ko WhatsApp kawai ka san shi.

Zirga-zirga

Ga baƙo, tasin da ake kira ta manhaja, irin su Bolt da Uber da inDrive, ita ce mafi kwanciyar hankali. Ka duba lambar mota da fuskar direba su dace da abin da waya ta nuna, ka tura wa wani naka bayanin tafiyar. Farashi yakan hau idan ana ruwa ko an tashi daga aiki, wani lokaci jiran minti ashirin yakan sauko da shi.

Sai manyan bas na BRT masu layinsu daban, da jirgin ƙasa na cikin gari. Blue Line ya fara aiki a Satumbar 2023 daga Marina da ke tsohon gari zuwa Mile 2, Red Line kuma ya biyo baya a 2024 daga Oyingbo zuwa Agbado, yana bi ta Yaba da Oshodi da Ikeja da Agege. Duka da kati ɗaya ake biya mai suna Cowry, ana sayensa a tasha a zuba masa kuɗi. Ka mallake shi a ranar farko.

Danfo, wato ƙananan bas masu launin rawaya, su ne jinin garin, kuma ya kamata ka hau ko sau ɗaya da rana tsaka. Ka tambayi kuɗi kafin ka shiga, ka riƙe canji, in za ka sauka ka ɗaga murya ka ce "o wa". Ka hau a tasha inda ake lodi, kada ka tare mota a bakin titi da dare, domin akwai ɓarayin da ake kira wan-cans masu shigar fasinjoji. Acaɓa kuma gwamnati ta hana shi a ƙananan hukumomi da dama tun 2022, kuma dokar tana hawa kan fasinja ma, don haka ka bar shi.

Za a kira ka aboki ko malam sau ɗari a rana. Mafi yawa ba da raini suke faɗa ba, sunan da suka sani ke nan. Ka amsa da fara'a ka wuce. In ka iya "e kaaro" da safe da "e she" wajen godiya, za ka ga yadda fuskar dattijuwa mai sayar da abinci take sauyawa. Bayarabe yana girmama gaisuwa kamar yadda muke yi.

Juma'a: tsohon gari

Ka fita ƙarfe takwas zuwa Onikan, Gidan Tarihi na Ƙasa, wanda aka buɗe a 1957. Akwai kayan tagulla na Binin, da sassaƙen Ife, da kayan yumɓu na Nok daga kudancin Kaduna. Amma abin da zai tsayar da ɗan Arewa cak shi ne baƙar Marsandi da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairun 1976, yana kan hanyarsa ta zuwa barikin Dodan. Ramukan harsashi suna nan a jikinta. Na taso ina jin labarin a bakin iyaye, ina ganin hotonsa a naira ashirin, amma da na tsaya gaban motar sai na kasa magana. Ka yi masa addu'a, ka ba yaranka labarin a nan, ba za su manta ba. Daura da gidan akwai sabuwar cibiyar John Randle ta tarihi da al'adun Yarabawa, ginin zamani ne da aka tsara da kyau, ya cancanci awa guda.

Daga nan da ƙafa za ka isa dandalin Tafawa Balewa, tsohon filin sukuwa, inda aka sauke tutar Ingila aka ɗaga ta Najeriya a daren shiga 1 ga Oktoban 1960. Gumakan dawaki da gaggafa suna bakin ƙofa. Wurin ya tsufa, ya koma tashar mota da shaguna ta wani gefen, kuma wannan yana ba ni takaici, amma ka tsaya ka tuna cewa har zuwa Disambar 1991 Legas ce babban birnin ƙasa.

Kafin azahar ka nufi titin Nnamdi Azikiwe, Babban Masallacin Legas mai hasumiya huɗu, wanda aka buɗe a 1988. Ka je da wuri, ka riƙe takalminka a leda. Huɗuba da Yarabanci da Larabci za ka ji, sahu kuma za ka ga kowane irin mutum. Bayan an sallame ka tambayi titin Martins, inda masallacin Shitta-Bey yake. Ƙarami ne, an buɗe shi a 1894, ginin salon mutanen da suka dawo daga Brazil. Attajirin da ya gina shi, Muhammad Shitta, Sarkin Daular Usmaniyya na Santambul ne ya ba shi laƙabin Bey. Mutanenmu da yawa ba su san zurfin Musulunci a wannan gari ba sai sun ga irin wannan.

Kana fitowa kana cikin kasuwar Balogun, wadda ba ta da ƙofa ba ta da katanga, tituna ne da lunguna cike da atamfa da leshi da takalma da jakunkuna. Wanda ya saba da Kantin Kwari ba zai ruɗe da ciniki ba: ka taya ƙasa da rabi, ka yi kamar za ka tafi. Jakarka ta koma gaba, waya ta shiga aljihun ciki. Masu jan hannu za su ce su kai ka shago, ladansu a kan kuɗin kayanka yake hawa, ka ce ka gode. In za ka yi sayayya to yau ce ko gobe, domin ranar Lahadi yawancin shaguna a rufe suke.

Da la'asar ka huta a Freedom Park a titin Broad. Tsohon kurkukun Turawan mulkin mallaka ne da aka mayar lambu a 2010, an bar alamar ɗakunan fursuna don mutum ya ga ƙanƙantarsu. Da dare kuma sai Obalende, unguwa mai tsohuwar alaƙa da sojoji Hausawa na zamanin Turawa. Tun 1863 Bature John Glover ya kafa rundunar da aka riƙa kira Hausawan Glover a Legas, kuma daga ita sojan Najeriya yake lissafa asalinsa. A nan za ka ci tsire da balangu a hannun 'yan'uwa, ka sha shayi, ka ji labarin gari da harshenka.

Asabar: daji da teku

Yau sammako ne. Ka kasance a ƙofar Lekki Conservation Centre da zarar an buɗe, kafin rana ta yi zafi kuma kafin 'yan makaranta da masu biki su cika layi. Daji ne mai fadama, hekta 78, da aka keɓe tun 1990, gine-gine sun kewaye shi ta ko'ina amma cikinsa shiru sai kukan tsuntsaye. Ana tafiya a kan dakalin katako, birai suna bin mutane, don haka kada ka riƙe abinci ko leda a hannu, fizgewa suke yi. Babban abin wurin shi ne gadar igiya da aka rataya a saman bishiyoyi, mita 401, tana lilo in an taka. Kuɗinta daban ne da na shiga, ba a barin ƙananan yara, kuma in ana ruwa rufewa ake yi. Da zarar ka hau babu juyawa sai ka kai ƙarshe, saboda haka mai jiri ko hawan jini ya jira a ƙasa, babu abin kunya a ciki. Daga can sama kana hango rufin Lekki ta gefe ɗaya, kore shar ta ɗaya gefen.

A hanyar dawowa ka tsaya a Nike Art Gallery, bene mai hawa da yawa cike da zane da sassaƙa, shiga kyauta. Mai wurin, Nike Davies-Okundaye, ta yi suna a rinin adire. Duk wanda ya san karofin Kofar Mata zai ga dangantaka nan take: shuɗi ɗaya ne, salon ɗauri da zane ne suka bambanta.

Abincin rana ka nemi buka mai tsafta da jama'a ke layi. Ka gwada amala da miyar ewedu da gbegiri, wadda ta wake ce, ko shinkafar ofada in kana iya yaji. Yawancin naman garin daga shanun Arewa ne kuma Musulmi ke yankawa a mayankar Oko-Oba, amma ka tambaya kafin a zuba, musamman a wuraren gashi da farfesu inda akan sami naman alade ko na daji. In zuciya ba ta kwanta ba, kifi yana nan. Ruwa kuma na gora mai hatimi.

Yamma ta teku ce. Tsohuwar Bar Beach da iyayenmu suke ba da labari babu ita, an cike wurin da yashi ana gina sabuwar unguwa mai suna Eko Atlantic. Yanzu sai wuraren biya irin su Elegushi, waɗanda da dare kiɗa da shaye-shaye ke yawa, don haka mai iyali ya je da wuri ya fito kafin magariba. Wanda na fi so shi ne Tarkwa Bay, da jirgin ruwa ake zuwa, tafiyar kamar minti ashirin, ana ratsa bakin tashar jiragen ruwa kana ganin manyan jiragen dakon kaya kusa da kai. In shi ka zaɓa ka isa tasha kafin ƙarfe biyu, ka hau a tashar hukuma irin ta Five Cowries da ke Falomo, ka sa rigar kariya ka ɗaure ta, kada ka shiga jirgin da aka cika fiye da kima, kuma ka yi magana da mai jirgi a kan lokacin dawowa tun rana tana sama.

A nan zan ja kunne da gaske. Wanda ya iya iyo a Tiga ko kogin Hadeja bai iya teku ba. Igiyar tekun Legas tana ja ta ƙasa, mutum yana tsaye ruwa iya gwiwa sai ya ji yashi yana zamewa a ƙarƙashin ƙafarsa. Ka tsaya iya idon sawu, hannun yaro yana cikin naka, kada ka juya wa ruwa baya don ɗaukar hoto. Tsayuwar kaɗai ta isa. Na daɗe ina karanta ayoyin da suka ambaci teku da jiragen da ke gudu a kansa, amma ranar da na ga igiya tana tasowa tana faɗuwa ba hutu, ranar na ji nauyinsu.

Lahadi: Badagry

Lahadi da safe titunan Legas fayau suke, ita ce ranar tafiya mai nisa. Badagry tana yamma, dab da iyakar Jamhuriyar Benin, tafiyar awa biyu ko fiye gwargwadon hanya. Ka yi shatar mota ta yini, ka tashi bayan asuba, ka ɗauki katin shaida domin akwai shingayen jami'ai da yawa a wannan hanya.

Garin tsohuwar tashar cinikin bayi ce. Za a nuna maka sarƙoƙi da mari a ƙananan gidajen tarihi, da gidan Seriki Williams Abass mai ƙananan ɗakuna inda ake tsare mutane kafin jirgi ya zo, da benen 'yan mishan na 1845 da ake kira bene na farko a Najeriya, ko da yake mu da muka san sorayen Kano da Katsina muna da abin cewa a kan wannan. Sannan a tsallaka da kai a kwalekwale zuwa tsibirin Gberefu, ka taka yashi a cikin rana har bakin teku, hanyar da bayi suka bi ba su dawo ba. Ka ɗauki ruwa da hula.

Kada ka kalli wannan a matsayin tarihin wasu. A cikin waɗanda aka fitar ta wannan gaɓa a farkon ƙarni na 19 akwai Hausawa da yawa, har suka shirya tawaye a Bahia ta Brazil a 1807. Daga Badagry ne kuma Bature Hugh Clapperton ya kama hanya a Disambar 1825 zuwa wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya rasu a can kusa da Sakkwato a 1827. Hanyar da ta haɗa wannan gaɓa da ƙasarmu ta girmi kwalta da jirgin ƙasa.

Ka daidaita kuɗin ɗan rakiya da na kwalekwale kafin a fara, a fili, zuwa da dawowa. Ka baro garin kafin ƙarfe uku. In da ƙananan yara ko tsofaffi kake tafe, ka bar Badagry, ka hau Blue Line daga Marina in yana aiki a ranar, ka ga tafki da Gidan Wasan Ƙasa na Iganmu da aka gina don bikin al'adun baƙar fata na FESTAC na 1977, ka ƙetare gadar Lekki zuwa Ikoyi da yamma, ka huta.

Litinin: 'yan'uwa, tsaraba, filin jirgi

Ka sallami ɗaki da safe ka ƙetaro Mainland gaba ɗaya da kayanka, kada ka bar komai da zai mayar da kai tsibiri. A kan gadar Third Mainland ka duba gefe, za ka ga Makoko, gidajen katako a kan ruwa da masunta a kwalekwale.

Yau ce ranar zumunci. Agege tana kusa da filin jirgi, kuma Hausawa sun daɗe a can tun zamanin fataucin goro da zuwan layin dogo, suna da zangonsu da sarkinsu da masallatansu. Ka karya da burodin Agege mai zafi da ewa agoyin, wake ne da aka dafa ya yi luguf da miyar manja mai yaji. Ka gaida mutanenka, ka ci tuwon da ka yi kewa, ka karɓi saƙon da za a ba ka na gida. Tsaraba mai sauƙin ɗauka ita ce yadin adire, da atamfar da ka saya a Balogun, da busasshen kifi in an naɗe shi da kyau. Manja da duk wani abu mai ruwa ka tambayi kamfanin jirgi tukuna, kuma ka auna jakarka don kada kuɗin ƙarin nauyi ya fi kuɗin kayan.

Na taɓa rasa jirgi a garin nan saboda na baro Victoria Island awa biyu kafin tashi, tirela ta faɗi a hanya, na iso ana rufe ƙofa, na sake sayen tikiti na kwana a Ikeja. Tun daga ranar, in daga tsibiri zan taso ina ba hanya awa huɗu, in daga Agege ko Ikeja ne awa biyu da rabi. Ranar ƙarshe ta hutu kowa yana komawa bakin aiki, layin tantancewa yakan yi tsawo, jirage sukan yi jinkiri, don haka ka zaɓi na rana a kan na ƙarshen dare, ka yi azahar da la'asar a masallacin filin jirgi, wayarka a cike da caji, ka kira wanda zai tarbe ka sai an fara kiran shiga.